Mai Wayarin, Mai Kwamfuta, ko 'Yar Na'urar Aljihu: Ina Za a Kai Tsohuwar Mota Idan Wuta Ta Kama a Dasbod?

Duk mai tsohuwar mota a Birnin Kebbi, ko Golf ce ta haya mai jigilar Jega da Argungu, ko Honda Henesi ta malamin makaranta, ko 406 da aka saya a gwanjon ma'aikata, akwai ranar da wata wuta za ta kama masa a dasbod ta ƙi mutuwa. Daga nan masu ba da shawara sai su rabu uku. Wani ya ce a kai wa mai wayarin. Wani ya ce an wuce wannan zamanin, a je a sa mata kwamfuta. Yaron gida mai bin intanet kuma ya ce ai akwai 'yar na'ura da ake saye, a soka ta ƙarƙashin sitiyari, wayar hannu ta faɗa maka komai. Kowannensu akwai inda yake da gaskiya. Sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya fara da ƙofar da ba ita ba yakan canza kayan da lafiyarsu ƙalau kafin a kai ga ainihin ciwon.

Ni dai a ganina, a tsohuwar mota mitar auna wuta ta mai wayarin ce gaba, kwamfuta na biye. Amma akwai wuraren da ba haka abin yake ba.

A fara da launin wutar. Ja tana cewa tsaya: butar baƙin mai, ma'aunin zafi, hoton batir, alamar birki. Mai ruwan lemo, irin wutar cek (mai nuna matsalar inji) da ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki), tana cewa a duba ba da daɗewa ba, amma motar za ta kai ka gida. Sai fa idan cek ɗin ƙiftawa take yi babu tsayawa. Wannan alama ce wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, to a sassauta ƙafa a nemi wurin tsayawa.

Ta baƙin mai ma ba ta cikin wannan gardama. Idan ta kama kana tafe, gefen titi za ka sauka ka kashe inji, ko da saura ƙiris ka shiga Kalgo. Abin da ke kunna ta a tsofaffin motoci ɗan makunni ne da aka ɗaura a jikin inji, galibi da waya ɗaya tak. Ƙarfin mai ya faɗi, sai ya haɗa wayar da jikin inji, wuta ta kama. Ke nan abu uku ke iya kunna ta: mai ya yi ƙasa ko famfonsa ya gaji, makunnin ya lalace, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe. Biyu daga ciki aikin ƙananan kuɗi ne, ɗayan kuwa inji ne sukutum. Kwamfuta ba ta ganin wannan layi a yawancin motocin da muke magana a kansu. Yadda ake rarrabewa shi ne a zaro sandar gwada mai. In mai a cike yake, makanike ya kwance makunnin ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a gurbinsa. Wanda ya ce maka wuta ce kawai, tuƙa abinka, alhali bai ɗaura agogo ba, caca yake yi da injinka, ba da nasa ba.

Sai shekarar motar da ƙasar da aka ƙera ta dominta, don nan ne zaɓi yake raguwa da kansa. Amurka ta wajabta tsarin bincike na bai ɗaya mai suna OBD-II a kan motocin 1996 zuwa sama. Turai ta biyo baya, masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Soket ne mai baki 16, galibi ƙarƙashin sitiyari kusa da gwiwar direba. Don haka Camry da Accord da suka fito daga Amurka, tun daga 'yan 1996 har Big Daddy da EOD, kusan kowace na'ura tana iya magana da injinsu. Golf 3 ta Turai kuwa, ko ka ga irin wannan soket a jikinta, yaren gidansu na Volkswagen take yi, ƙaramar na'urar kasuwa takan tsaya tana kallonta kawai. Haka 406 ta farko-farko. Ita kuwa 504 mai kafireto, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, babu wata ƙwaƙwalwa a jikinta da za a yi wa tambaya. Wanda ya karɓi kuɗinka don ya sa mata kwamfuta, sadaka ka ba shi.

Akwai 'yan tsakiya: Toyota da Honda masu injekta na kafin 1996. Su da kansu suke faɗar ciwonsu in an san yadda ake tambaya. A Toyota akwai ɗan akwati ƙarƙashin bonet. A haɗa bakin TE1 da E1 da guntun waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, cek ta fara ƙiftawa, a ƙirga. A Honda shuɗin soket ne mai baki 2 ta gefen fasinja, doguwar ƙiftawa 10 ce, gajera 1. Gajeru 6 na nuna layin sensar zafin ruwa, 7 na nuna ta totur. Tsofaffin masu wayarin sun san wannan a ka, yaran da suka buɗe ido da kwamfuta kuwa da yawansu ba su taɓa ji ba.

To, mai wayarin. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: ƙwan gwaji mai tsini, filaya, salatif, in kuma na kirki ne, da mita. Mitar nan ita ke raba su gida biyu, ka duba ko yana da ita tun kafin ka miƙa makulli.

Dalilin da ya sa nake sa shi gaba shi ne yanayin da motocinmu ke ciki. Motar da ta shekara 20 ko 25, tana shan ranar Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina a hanyoyin fadama, abin da ke fara gajiya a jikinta ba sensa ba ce. Batir ne da kawunansa, da wayoyin as, wato waɗanda ke haɗa nagatif da jikin mota da inji, da soket-soket da suka sha tsatsa. Zafi na ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa, shi ya sa batir bai cika yin tsawon rai a nan ba. Wuta kuwa in ta yi ƙasa, kowace ƙwaƙwalwa a motar sai ta fara ƙorafi: ABS ta kama, ta jakar iska ta kama, cek ta kama, allurar gudu ta riƙa rawa. Wuta uku ko huɗu da suka kama lokaci guda da wuya su zama ciwo uku ko huɗu. Kusan kullum tushensu ɗaya.

Ga abin da mai mita zai yi cikin 'yan mintuna. Mota a kashe, ta ɗan huta, ya ɗora jan tsinke a kan fositif, baƙi a kan nagatif. Cikakken batir 12.6 zai nuna. In 12.2 ne, rabi ke nan. Ƙasa da 12, ya zube. Sai ya ce ka murɗa makulli, idonsa na kan mita lokacin da kik ke juyawa. In lamba ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji ko da ya tayar da motar yau. Inji ya tashi, ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. In ta maƙale a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta caji. In ta haura 15, cajin ya wuce kima, ita ce ke tafasa batir tana ƙona ƙwayayen fitilu. Sai ya kunna fitilun gaba da AC ya sake dubawa, don akwai altanetar da ke nuna lafiya sai an ɗora mata kaya.

Sannan gwajin da ba kowa ke yi ba, alhali shi ke kama ɓarawon da ya fi wahalar da mutane. Tsinke ɗaya a kan nagatif na batir, ɗaya a jikin inji, inji na aiki, fitilu a kunne. Ya kamata mita ta nuna kusan babu. In ta wuce 0.2, wayar as ba ta ɗaukar wuta yadda ya kamata. Irin wannan waya a ido lafiya lau take. Sai an kwance notinta za a ga ƙarƙashinsa ya yi jawur da tsatsa, ko a ɗan tsaga robar a tarar zaren jan ƙarfen ya koma kore, yana marmashewa a yatsa. Wani lokaci ma babu ita sam: an sauke inji ko giya an yi aiki, yaron shago ya manta bai mayar ba, wuta ta koma neman hanya ta wayar totur har wayar ta riƙa zafi. Babu lambar kwamfuta da za ta ce maka an manta wayar as. Lambobi barkatai za ta zubo na sensoci daban-daban, mai gaggawa kuma ya rubuta maka jerin kayan saye.

Wutar batir ma ba lafiyar batir take faɗa ba, caji take faɗa. In ta kama a hanya, abu na farko a buɗe bonet a duba fanbel, domin a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa. In ya tsinke ka ci gaba, zafi ne zai biyo baya, sai gaskit. In bel na nan, motar tana tafiya ne da ragowar abin da ke cikin batir. A kashe AC da rediyo a nufi gari mafi kusa, kada a ce sai an kai Yauri. A tsofaffin Golf da Peugeot da Marsandi akwai wani abu da ke ruɗa mutane: ɗan ƙwan nan na dasbod yana kan layin da ke farkar da altaneta, 'yar wutar da ke bi ta cikinsa ce ke sa ta fara caji. In ya ƙone, ko wani ya cire shi, altaneta sai ta ƙi farawa har sai an taka totur sosai, ko ta ƙi baki ɗaya. Mutum ya canza batir, ya canza altaneta, ashe ƙwai ne. A Toyota da yawa kuma, altaneta in ta mutu, wutar batir da ta birki tare suke kamawa, sai mutum ya nufi wurin mai birki a banza.

Duk wannan aikin mai wayarin ne, kwamfuta ba ta fi shi a nan ba. Amma fa cikinsu akwai masu ɓarna, kuma ɓarnarsu ta fi ta mai kwamfuta tsada. Akwai mai zare kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta lafiya. A 504 an sha yi an tsira. A mota mai birenbos kuwa, wato ƙwaƙwalwar inji, batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Ka zare shi, tsallen ya faɗa kan ƙwaƙwalwar. Akwai mai naɗa zaren waya a gurbin fis da ya ƙone, bai tambayi abin da ya ƙona shi ba, alhali fis ɗin ya mutu ne don kada wayarin ya kama da wuta. Akwai mai huda robar kowace waya da tsinin ƙwan gwaji, ya bar ƙofofin da ruwan damina zai bi. Akwai mai murɗa waya biyu da hannu ya naɗe da salatif, ba dalma, wata uku zafi ya saki gam ɗin. Gaba da su duka akwai wanda zai dube ka ya ce, “Alhaji, wagga wuta ba komi ba ta, bari in cire ma ƙwan ka huta.” In ka ji wannan, karɓi makullinka.

Wuri ɗaya da ƙwan gwaji bai kamata ya kusanta ba ko kaɗan shi ne wayoyin jakar iska, masu rawayen soket. 'Yar wutar gwajin tana iya tayar da jakar a fuskar mutum.

Mai kwamfuta kuma fa? Abin da na'urarsa ke yi shi ne ta tambayi ƙwaƙwalwar mota abin da ta rubuta lokacin da ta kunna wutar. Amsar lamba ce mai harafi a gaba: P ta inji da giya, C ta birki da ƙafafu, B ta jikin mota, U ta sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen. Lambar nan kamar majinyaci ce da ya dafa cikinsa ya ce nan ke min ciwo. Ya nuna wuri, bai faɗi cutar ba. Nan ne masu kwamfuta su ma suka rabu biyu.

Ɗauki P0135. Na'ura za ta ce layin ɗumama sensar salansa ta gaba yana da matsala. Mai karatu kawai zai ce a sayo sensa. Amma layi aka ce: fis ne zai iya zama, ko wayar da ta kwanta kan salansa ta narke, ko ɓera ya ci ta, musamman motar da ke ɗaukar buhunan shinkafa ko ke kwana kusa da rumbu. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Tsagewar robar da ke kai iska inji na kawo ta, ƙurar hunturu da ta lulluɓe sensar auna iska na kawo ta, famfon mai da ya gaji ko matatar da ta toshe su ma haka. Sensar salansa, wadda ita ce ta kawo rahoton, sau da yawa ita ake kamawa a canza, ba ta ci ba, ba ta sha ba. P0420 kuwa a motar da aka riga aka cire wa indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa, ko sau nawa aka goge za ta dawo, don gaskiya take faɗa. In kuma ka ga P0562 cikin jerin, wutar mota ce ta yi ƙasa. A ajiye sauran lambobin tukuna a koma kan batir da altaneta.

Gwani daga lambar yake farawa. Ya ga P0302, wato silinda ta 2 ba ta ƙona mai, sai ya zare koyil ɗinta ya mayar kan ta 3, ya goge, ya tayar. In lamba ta koma P0303, koyil ne, ta bi shi. In ta tsaya a 2, sai ya duba filogi da nozul da wayarsu. Ba a sayi komai ba, an kama mai laifi. Yakan kuma buɗe shafin da ke nuna abin da sensoci ke faɗa kai tsaye. In ya ga zafin ruwa na nuna 40 ƙasa da sifili a Birnin Kebbi cikin Afrilu, ya san layin ne a katse, ƙwaƙwalwar kuma tana ta ɗura fetur don ta ɗauka sanyi ake. Wannan ne mai wayarin da ƙwan gwaji zai iya kwana yana nema.

Ta nan kuma ake ganin kuɗin da al'adar cire tamostat (mai daidaita zafin ruwan inji) da haɗa fanka kai tsaye ke ci. Inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ba shi mai irin na injin da bai ɗumama ba, a wasu motocin cek ta kama da P0128. Mai motar ya yi ta kukan shan mai yana zargin nozul.

Inda kwamfuta ba ta da abokin takara shi ne ABS da jakar iska, in an tabbatar batir da caji lafiya. Ƙafa huɗu, sensa huɗu. Na'ura za ta ce ta gaban hagu ce, a je a tarar laka ta toshe bakinta ko an ja wayar lokacin canza boris. Ta jakar iska sau da yawa soket ne ƙarƙashin kujera da ya saki saboda ja da baya da gaba, ko naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari, wadda in ta tsinke hon ma yakan ɗauke. A motoci da yawa wannan wuta ba ta mutuwa ko an gyara, sai an goge ta da na'ura. Haka motoci irin 307 da 406 ta ƙarshe-ƙarshe, masu akwatin BSI da kusan komai ke bi ta cikinsa: fitilu, waifa, makullin ƙofa. Mai yanke-yanke ya shiga irin wannan wayarin, sai dai Allah Ya kiyaye.

Sai dai ba kowace kwamfuta ce kwamfuta ba. Manya irin na Launch da Autel suna shiga ƙwaƙwale da yawa. Kowane kamfani kuma yana da manhajarsa da ta fi zurfi: Techstream ta Toyota, PP2000 ta Peugeot, ga VCDS da ake amfani da ita kan Volkswagen. Wani kuwa 'yar ƙaramar mai karanta inji kaɗai yake riƙe da ita, ya karɓi kuɗin babba. Tambaye shi kai tsaye: Malam, taka tana shiga ABS? Tana karanta irin wannan motar? Babban abin gudu kuma shi ne mai gogewa. Ya soka, ya danna, wuta ta mutu, ka biya ka tafi da murna, kafin ka kai Jega ta dawo. Ya kuma share bayanin da ƙwaƙwalwa ta adana na halin da inji ke ciki lokacin da abin ya faru, gudu nawa, zafi nawa, wanda shi ne zai taimaki mai gyaran gaske.

'Yar na'urar aljihu, wadda galibi ake sayarwa da sunan ELM327, ana haɗa ta da waya ta Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Kusan duk na kasuwa kwaikwayo ne, wata ta yi aiki, wata ta ƙi, musamman kan tsofaffin motoci. Inji take karantawa. ABS da jakar iska galibi sun fi ƙarfinta. Kada a bar ta a soke kwana da kwanaki, don bakin soket na 16 kullum da wuta yake ko mota a kashe, tana iya tsotse batirin da dama ya gaji.

Duk da haka ba abin rainawa ba ce, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wanda ke zaune Kamba ko Dakingari ko wani ƙauyen Zuru, inda mai babbar kwamfuta sai an yi tafiya, tana gaya masa ko lambar ta gaggawa ce ko za ta jira ranar da zai shiga birni. A hanyar da mutum ba ya son dare ya yi masa, sanin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma sa ka shiga gareji da lambarka a hannu, wanda ke rage yawan labarin da za a ba ka. Amma inda ta fi biyan kuɗinta shi ne wurin sayen mota. Dillali na iya goge lambobi da safe kafin ka iso, sai dai ƙwaƙwalwar mota tana da jerin gwaje-gwajen kanta da ba sa kammala sai an yi tafiya. In na'ura ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili. Ko babu na'ura ma, murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: cek, batir, baƙin mai, ABS, jakar iska, duk ya kamata su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko dai ƙwan ya ƙone, ko an cire shi, ko an liƙe shi da baƙin salatif ta ciki.

In kuɗin abu ɗaya ke gare ka tsakanin wannan na'ura da ƙaramar mita, ni mita zan ce ka saya. Tana aiki a 504, tana aiki a Camry, tana aiki a batirin sola na gida, kuma lambobin da kake buƙata su ne waɗanda aka riga aka ambata. Na'urar ta biyo baya in motarka 'yar Amurka ce ta 1996 zuwa sama, ko 'yar Turai mai fetur ta 2001 zuwa sama.

Ciwon da ya fi gagarar kowa shi ne mai zuwa ya tafi. Wuta ta kama bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ta mutu da rana. Ta kama a gargada, ta mutu a kwalta. Mota ta mutu in ta yi zafi, ta tashi bayan an sha shayi, wanda sau da yawa sensar kiranshaf ce, mai lamba P0335. A irin wannan mutum ɗaya bai cika isa ba. Kwamfuta ta faɗi layin, mai wayarin ya bi shi da hannu yana girgiza soket ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki, har a ji inda ya yi tuntuɓe. In ka samu wanda ya haɗa biyun, yana da na'ura kuma bai raina mita ba, riƙe shi ko da ya fi tsada. Naka aikin shi ne ka lura da lokacin da abin ke faruwa: da sanyi ko da zafi, da AC ko babu, bayan wane gyara ya fara. In bayan an sa sabuwar rediyo ko na'urar bin sawu ya fara, faɗi tun farko, don nan za a fara dubawa.

Kafin ka je wurin mai kwamfuta, kada ka bari kowa ya cire kan batir wai don wuta ta mutu. A motoci da yawa hakan na share lambobin inji, ka je a soka a ce ba a ga komai ba. In an karanta, ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka kafin a goge. In an ce a sayo sensa, tambayi ko an auna wayarta da fis ɗinta. In kuma an canza, karɓi tsohuwar ka ajiye a but, don sababbin kasuwa ba duka ne suka kai tsohuwar da ta zo da motar ba, kuma idan wutar ta dawo bayan kwana biyu, ita za a mayar.